Wa aka biya kuɗin fansar?

Na kwashe littattafaina daga makarantar tauhidi, sai dai akwai takarda ɗaya da na kasa jefarwa: aikin aji uku a kan kafara, wato yadda mutuwar Yesu a kan gicciye take kawar da zunubi, wanda malam ya ba ni maki 38. Laifina shi ne na rubuta cewa iyayen ikilisiya, wato manyan malaman Kirista na dā, ba su bayyana gicciye da baki ɗaya ba. Orijin na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya ce Shaiɗan aka biya fansar. Anselm na Kantabiri, wajen 1098, ya ce sam, Shaiɗan ba ya bin kowa bashi, girman Allah ne zunubi ya taɓa. Abelad kuwa ya fi kallon ƙaunar da ke narkar da zuciyar mai zunubi. Malam ya ja jan biro ya ce, "Ɗana, Ishaya 53 ta ishe ka. Ya ɗauki hukuncinmu, shi ke nan." Ban musa Ishaya ba, har gobe ma. Amma na ji tsoron maimaita aji, na rufe bakina, na haddace abin da yake so.

Haddar ce ta kunyata ni a ƙauyen da aka tura ni gwajin aiki. A makon Ista na buɗe Markus 10:45, inda Yesu ya ce ya zo ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa. Na yi ta ɗaga murya, "An biya kuɗin fansa! An biya duka!" Ba wanda ya ce amin. Na ɗauka zafin rana ne.

Da aka tashi, wani dattijon ikilisiya ya ja ni gindin mangwaro. Ashe ya sayar da gona da shanu biyu ya kai wa masu garkuwa da mutane, ɗansa kuma bai dawo ba. Ya ce, "Malam, mu nan mun san fansa. Wanda ake kai wa kuɗin mugu ne. To wa Allah ya biya? In kuma shi aka biya, me za mu kira shi?"

Na ce, "Baba, ba ni lokaci." Tambayar da aka hana ni yi a aji ce ta biyo ni har ƙauye. A daren na koma kan takardar nan mai maki 38, na tarar da Giregori na Naziyanzus ya ƙi amsoshin biyu, na cewa Shaiɗan aka biya da na cewa Allah aka biya, tun ƙarni na 4. Markus ma bai ambaci mai karɓa ba. Washegari na karanta wa Baba Ibraniyawa 2:14-15 da Kolosiyawa 2:15, inda gicciye yake karya ikon mai riƙe da mutane cikin tsoron mutuwa. Bai ce ya gamsu ba. Cewa ya yi in sake karantawa, a hankali.

Sauran darussan ƙanana ne. Kada ka ce "kafara" gaban maƙwabcinka Musulmi ba tare da bayani ba, don shi kaffara yake ji, abin da mutum kan yi da kansa, kamar azumin kwana 60. Kafin ka hau bagade, tambayi mai gadin coci abin da ya sami garin bara.

Malam ya miƙo mini hannu ranar yaye mu, na rusuna na gaishe shi yadda ya kamata. Takardar tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa, daidai kan Markus 10.