Shekara ɗaya a gida mai haruffa uku

Ranar da na faɗa wa Baba a waya cewa na shiga wata ƙungiyar ɗalibai mai suna da haruffan Girkanci, shiru ya yi har na duba wayar ko layi ne ya yanke. Can ya ce, "Wato filin da na sayar na tura ka Amurka, ƙungiyar asiri ka je shiga da kuɗinsa?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Baba, ba irin wadda kake nufi ba ce." Ya ce duk ɗan da ya shiga haka yake faɗa wa ubansa.

Ban ga laifinsa ba. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, kuma ba da gatari suka fara ba, amma waɗanda suka ɓalle da waɗanda suka kwaikwaya daga baya sun sa duk uban da ke Najeriya in ya ji ƙungiyar 'yan'uwantaka a jami'a, gawa yake hangowa. Na yi ta ƙoƙarin nuna masa cewa a Amurka abin a fili yake. Gidajensu a jere suke kan titi guda, da haruffa manya-manya a goshin kowane gini, jami'a kuma tana da ofishin da ke sa musu ido. Na ce masa tun 1776 aka fara, da Phi Beta Kappa a Kwalejin William da Mary ta jihar Bajiniya. Da na ga bai motsa ba sai na jefa babban makamina: ai Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk 'yan Phi Beta Sigma ne lokacin da suke karatu a can. Baba ya ce, "Su Zik ba su da sallar asuba." Ya kashe wayarsa.

A watan Agustan 2021 na sauka a wata jami'ar jiha da ke tsakiyar Amurka, inda gonakin masara suka kewaye gari ta ko'ina. Dokar makarantar ita ce ɗan shekarar farko sai ya zauna a hostal. Ɗaki ɗaya, gado biyu, tebur biyu, banɗaki na kowa da kowa a ƙarshen baranda. Abokin ɗakina Bature ne, ɗan wani ƙaramin gari, yaro mai kirki ƙwarai, amma in an haɗa maganar da muka yi a wata huɗu ba za ta cika faifai ba. Ba gaba muke ba. Haka zaman yake. Kowa ya shigo ya toshe kunnensa ya fuskanci kwamfutarsa. Ni da na yi shekara shida a makarantar kwana, inda ba ka isa ka ci garin kwakinka kai kaɗai ba, sai na ga mutum arba'in a hawa ɗaya ba wanda ya san sunan mahaifin wani.

Ƙananan wahalhalu kuwa an sha su. Na sayi butar ban ruwan fure na mayar da ita butar banɗaki. Ranar farko da wani ya tarar da ƙafata a cikin kwamin wanke hannu ina alwala, ya tsaya da buroshi a baki kamar ya ga aljani. An hana kunna risho, an hana turaren wuta saboda na'urar hayaƙi. Maza da mata kuma a gini ɗaya, wani hawan ma ƙofa na kallon ƙofa. Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya karya ni shi ne hutun Disamba: aka rufe ginin, kowa ya tafi gidan iyayensa, mu 'yan ƙasashen waje aka tattara mu a wani gini dabam, aka rufe ɗakin cin abinci. Mako uku ina cin taliyar leda ina kallon ƙanƙara ta taga. Na yi zazzaɓi na kwana biyu, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, domin ba wanda ya san ina ciki.

Da wannan zuciyar na shiga makon da suke kira rosh a watan Janairu. Ni dai makon zawarci na sa masa suna, domin ba shi da maraba da shi: ka yi wanka ka bi gida-gida, a ba ka nama da lemo, a tambaye ka garinku da abin da kake karanta, kana auna su suna auna ka. Bayan ka tafi su rufe ƙofa su kaɗa ƙuri'a a kanka. Gida ɗaya ya miƙo mini takardar gayyata. Na gaya musu tun a ranar cewa ba na shan giya, ba na cin alade. Shugabansu ya ce ba komai, har ma sun ji daɗi. Sai daga baya na gane dalilin jin daɗin.

Makonnin gwaji ba su gigita ni ba. Haddar haruffan Girkanci 24, haddar sunayen waɗanda suka kafa ƙungiyar, sharar falo bayan biki. Wanda ya ɗebo wa siniya ruwa da asuba cikin hunturu ba za a tsorata shi da tsintsiya ba. Aka haɗa ni da wani ɗan shekara ta uku a matsayin yayana na ƙungiya, kuma har ga Allah ya riƙe ni riƙon ƙani. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya kai ni na sayi rigar sanyi ta gaske. A watan Agustan 2022 na kwashe kayana na koma gidan.

Nan ne na ga abin da ake sayarwa, kuma kayan na da kyau. Mu talatin da 'yan kai, tebur ɗaya, abincin dare lokaci ɗaya. In ba a gan ka a tebur ba, kafin ka kwanta saƙo uku ya shigo wayarka. Akwai wata dattijuwa mai dafa mana abinci, wadda ta ware mini kasko na kaina ba tare da na roƙa ba. A azumin 2023, wanda ya kama daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, kullum sai na tarar da faranti a firji an rufe shi, da sunana a jiki, ga wani na sahur a gefe. A azumin 2022 kuwa, ina hostal, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas, daidai lokacin da ake rufe ɗakin cin abinci, sai dai in ɗebo a roba in ci da sanyinsa. Mutum biyu a gidan ma sun yi azumin yini ɗaya tare da ni don su ji yadda yake. Ɗaya ya karya da la'asar, aka yi ta yi masa tsiya har ƙarshen zango.

Akwai kuma ɗakin da ake ajiye tsofaffin takardun jarrabawa na shekara da shekaru, akwai tsofaffin 'yan ƙungiya da ke zuwa ranar wasan ƙwallo da katin kamfaninsu a aljihu. Aikin koyon sana'a da na samu a hutun bazara, ta hannun ɗaya daga cikinsu ya zo. Ya ɗaga waya sau ɗaya, aka kira ni ganawa. A hostal ba mai ɗaga maka waya.

To amma kuɗi. Kuɗin ɗaki da abinci a gidan bai wuce na hostal ba, har ya ɗan gaza. Sai dai a kansa akwai kuɗin ƙungiya, dala 550 duk zango a namu gidan. In ana cikin zango, bizar karatu ba ta yarda ɗalibi ya yi aiki fiye da awa 20 a mako ba, kuma a cikin makaranta kawai. Ni a laburare nake, dala 11 a awa. Wato awa 50 na jera littattafai kafin in biya kuɗin zama ɗan'uwan wani. Ga riguna masu haruffa, ga kwat ta bikin ƙarshen shekara, ga tara in ka fashi taron daren Lahadi. Yaran da iyayensu ke biya musu ba su taɓa ganin takardar ba ma. Ni kowace dala sai na mayar da ita naira a kaina.

Sai giya, wadda ita ce gishirin gidan. Doka ta ce sai ɗan shekara 21, rabin gidan kuwa ba su kai ba. A takarda ba a sayen giya da kuɗin ƙungiya, don haka karo-karo ake yi a gefe ta waya. Na ce ba da ni ba, aka ƙyale ni. Amma dokar biki ta ce dole a samu waɗanda ba za su sha ba a daren, su tsare ƙofa, su kai mutane gida a mota. Da, juyi ake yi, kowa yana gudu. Da na zo sai aka huta. Kusan kowace Juma'a da Asabar ni ne a ƙofa da jerin sunaye, ni ne a sitiyari ƙarfe biyun dare da mutum huɗu a baya suna waƙa, ɗaya yana neman leda. Wata rana aka ce in biya ta shago in ɗauko katan-katan tunda motar tana hannuna. Na tuna hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukarta da wanda aka ɗauko wa, na ce wannan kam a'a. Ba wanda ya yi fushi. Amma na kwana ina tambayar kaina, tsakanin mai ɗauko ta da mai tsare ƙofar masu shanta, tazarar taku nawa ce?

Abin dariya, wata 'yar zangon Kumasi da muke aji ɗaya ta shiga ta mata, wadda ake kira sororiti, kuma gidansu ya fi hostal kama da gidan Bahaushe: ba a shiga da giya, namiji iyakarsa falo, ga dattijuwa tana kwana a gidan tana lura da shige da fice. Shi ya sa ma bikin duk a gidajen maza ake yinsa. Ita tsadar ce ta kore ta.

Daren da ya raba ni da gidan, daren ba wa sababbin shiga yayye ne, cikin zango na biyu. Wani yaro ɗan shekara 18 ya sha abin da ya fi ƙarfinsa. Na same shi a kan kujera, jikinsa sanyi, numfashi sama-sama, na girgiza shi bai motsa ba. Na ciro waya. Wani ya riƙe hannuna ya ce a kwantar da shi ta gefe a bar shi ya yi barci, in motar asibiti ta zo an rufe gidan ke nan. Dukkanmu a falon mun san labarin yaron nan ɗan shekara 19 da ya mutu a Jami'ar Jihar Fensilbaniya a Fabrairun 2017, wanda ya faɗo daga bene a irin wannan daren, aka bar shi kusan awa 12 kafin a kira agaji. An nuna mana labarin a taron wayar da kai, mun sa hannu a takarda cewa mun gani. Yayana ne ya ture hannun, ya ce, "Kira." Na danna 911.

Yaron ya kwana a asibiti ya tashi. Makarantar tana da dokar da ke yafe wa wanda ya kira agaji da wanda aka kira dominsa, amma ba ta yafe wa gida, sai aka hana mu biki har ƙarshen shekara. Ba wanda ya zage ni. Wasu sun rungume ni, yaron ya rubuto mini godiya. Wasu kuwa in na zauna a tebur sai hira ta koma ta ƙwallo. Kullum ana cewa ɗan'uwa ya fi komai, ranar da aka auna ɗan'uwa da gida na ga mutum nawa ne suka tsaya lissafi. Ban ce mugaye ba ne. Yara ne 'yan shekara ashirin da aka damƙa wa gida da suna mai shekara ɗari, tsoron a ce a hannunsu ya mutu ya fi musu tsoron komai.

Da na tsaya na yi tambaya tun farko, da na san ba iri ɗaya ba ne duka. Ƙungiyoyin baƙaƙen fata tara, waɗanda suka faro da Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell a 1906, ta su Martin Luther King, a makarantarmu ba su da gida ma, kowa yana zaune inda yake, haɗuwa suke yi. Har ta Musulmi akwai, Alpha Lambda Mu, wato Alif Lam Mim, da aka kafa a Jami'ar Texas ta Dallas a 2013, sai dai ba ta da reshe a wajenmu. Ni kaɗaici ne ya kora ni, na faɗa ƙofar farko da aka buɗe, ban tambayi nawa ake biya ba, ban tambayi wa ke tsare ƙofa ranar Asabar ba.

Na nemi aikin mai kula da hawa a hostal, aka ɗauke ni: ɗaki ni kaɗai kyauta, da abinci. Yayana ne ya kwashe mini kaya a motarsa, bai ce mini don me ba. Dattijuwar ta naɗe kaskon a jarida ta ba ni. Da na kira Baba na ce na bar ƙungiyar, cewa ya yi, "Sun bar ka ka fita lafiya?" Na ce har da rakiya.

Makona na biyu a sabon aikin, ƙarfe biyu da rabi na dare, wayar aiki ta yi ƙara: wani yaro a hawa na huɗu yana amai a banɗaki, ya dawo daga biki a titin nan mai haruffa. Na sa takalmi na ɗauki makullai. Abokin ɗakinsa na same shi a kan gado, kunne a toshe, bai ma san ba ya nan ba.