Ranar da na kusa ɗaure kafaɗuna da ƙasan mota

Shekara uku na yi ina haɗa motar nan a bayan garejinmu, bayan an tashi daga aikin mutane. Kwaikwayon Lotus Seven ce, ƙaramar motar nan mai kujera biyu marar rufi da Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957, wadda har gobe masu sha'awa ke ƙera irinta a gidajensu. Ƙashinta bututun ƙarfe ne da na yi wa walda da hannuna, jikinta falle-fallen alminiyom da fayiba, injinta na Toyota ne da na samo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Da ta tashi ta yi tafiya, abin da ya rage a ganina ƙaramin aiki ne: bel ɗin kujera. Na sa a raina aikin yammaci ɗaya ne. Sai da ya ci mini wata biyu, kuma a kansa ne na gane rai nake ɗaurewa, ba ado nake yi ba.

Bel ɗin farko ɗan gwanjo ne, ja, mai madauri huɗu, biyu a kafaɗa biyu a ƙugu. Bayan kujerar babu wani ƙarfe a daidai kafaɗa, don haka na bi abin da ya fi sauƙi. Na ɗora madauran kafaɗar ta saman kujera, na gangaro da su har ƙasa, na huda ƙasan motar na ɗaure da bol da noti. Ya yi kyau a ido. Yaran gareji har hoto suka ɗauka.

Washegari ubangidana ya biyo, wanda a hannunsa na koyi walda tun ina yaro. Bai taɓa kallon tseren mota ba, amma ya shekara sama da arba'in yana gyaran bodin manyan motoci, ya san yadda kaya ke zama a kan tirela. Ya zagaya motar, ya leƙa bayan kujera, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Shiga ka ɗaura."

Na shiga na ɗaura.

"To, tura ƙirjinka gaba da ƙarfinka, kamar ka taka birki a guje."

Na tura. Maimakon in ji an riƙe ni ta baya, sai na ji kafaɗuna na nutsewa, kamar an ɗora mini buhun masara a wuya.

"Ka ji ko?" in ji shi. "Igiyar da ta bi ta kan buhu ta sauka ƙasa, matse buhun take yi. Kai ne buhun nan, ɗana."

Na ce, "Baba, ai bol ɗin mai ƙarfi ne." Ya ce ƙarfin nasa ne ma abin tsoron.

A daren nan na zauna na karanta abin da masu yin irin wannan bel suka rubuta, da ƙa'idojin FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya. Maganar tsohon ce a ciki, sai dai su da lambobi suka faɗe ta. Madaurin kafaɗa, daga inda ya bar kafaɗa, ya tafi baya a miƙe, ko ya ɗan sauka kaɗan, kada ya wuce digiri 20. Nawa ya kusa tsayawa a tsaye. Idan aka yi karo jiki ya yi gaba, madaurin da ya sauka ƙasa haka yana danna kafaɗa ne, ƙashin baya ya ɗauki nauyin gaba ɗaya, ya matse ko ya karye. Wato mutum na iya fita daga hatsari fuskarsa ba ko ƙwarzane, amma ƙafafunsa sun daina amsa masa. Na daɗe ban yi barci ba.

Gyaran kuwa ba na sauya rami ba ne. Dole a samu ƙarfe a kwance a bayan kujera, daidai tsayin kafaɗa, kuma kusa da ita, don guntun madauri ya fi dogo riƙo: dogo yana miƙewa ya bar mutum ya kai ga sitiyari. Wannan ƙarfen kuma ba ya tsayawa shi kaɗai, a jikin baka ake walda shi, wato lanƙwasasshen bututun nan da ke tsayawa bisa kan direba ya kare shi idan mota ta kife. Nan ma na ga wani kuskurena. Bakan da na yi gajere ne, na rage masa tsayi don motar ta yi fasali. Bel na gida, wato na motar yau da kullum, mai madauri uku, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa Volvo a 1959, yana barin mutum ya ɗan karkata gefe. Bel na tsere ba ya bari. A miƙe yake riƙe ka. Idan marar rufi ta kife kana ɗaure a miƙe, bakan kuma bai kai kanka ba, to kanka ne zai fara taɓa kwalta. Na sa hular kwano na zauna, yarona ya ɗora doguwar sanda daga saman bakan zuwa ƙarfen gaba. Hular ta ɗaga sandar. Abin da ake nema shi ne hular ta zauna ƙasa da sandar da aƙalla santimita 5. Na yanke bakan na jefar.

Neman bututun ne ya fi ba ni wahala. Mafi yawan faif ɗin da ke kasuwa na ruwa ne ko na ƙofar gida, mai ɗinki a tsawonsa, kuma ba don wannan aiki aka yi shi ba. Wanda ake so marar ɗinki ne. Ga ƙarfen da madauri ke naɗewa a kai, mafi ƙanƙantar da ƙa'ida ta yarda da shi faɗin milimita 38 ne da kaurin 2.5, ko 40 da kaurin 2. Sai da na yi sati uku ina yawo tsakanin Ƙofar Ruwa da Sharaɗa kafin na dace. Wani mai shago ya ce mini, "Oga, wa zai gane bambancin in ka fesa fenti?" Ban ga laifinsa ba, shi ƙofa ya saba sayar wa ƙarfe.

Sai ƙugu. Madaurin ƙugu a kan ƙashin ƙugu yake zama, ba a kan ciki ba, ya sauka baya da ƙasa wajen digiri 60. Matsalar mai madauri huɗu ita ce, da ka ja na kafaɗa sai su ɗago maɓallin daga ƙugu zuwa cibiya. A karo, mutum sai ya zame ta ƙarƙashinsa, bel ɗin ya shige cikin hanji da hanta. Madaurin tsakanin cinyoyi aka yi don hana wannan, kuma ta rami a gindin kujera yake bi, ba a zagayo da shi ta bakin kujerar ba. Saboda haka na sauya kujera, na kuma ajiye jan bel ɗin. Ko ba don wannan ba ma ya kamata in ajiye shi: da na duba tambarin da aka ɗinka a jikinsa, shekarar ƙarewarsa ta wuce da daɗewa. Mai tambarin FIA shekara 5 ake ba shi, mai na hukumar SFI ta Amurka shekara 2. Ranar Kano kuwa ba ta raga wa zare, bare a motar da ba ta da rufi. Kuma bel ɗan gwanjo ba ya gaya maka ko ya taɓa yin hatsari. Na yi odar sabo mai madauri shida.

A mazaunan bel na ƙasa ban ƙara yarda da wosha kaɗai ba. Kowane rami na sa masa fallen ƙarfe ta ƙarƙashi, kaurin milimita 3, faɗinsa bai gaza murabba'in santimita 40 ba, na kuma goge kusurwoyinsa don kada su yaga ƙasan motar. Bol ɗin mai zobe ne, inci 7/16, irin zaren da ake yi wa bel ɗin mota. Ana so kowane mazauni ya jure jan da ya kai kusan tan ɗaya da rabi. Alminiyom da fayiba ba su da wannan ƙarfin, a ƙashin motar kawai ake kamawa.

Akwai abin da ban warware ba tukuna, shi ne wuya. Bel na tsere yana kafe gangar jiki, kai kuma, da nauyin hula a kansa, ya ci gaba da tafiya. Karayar gindin ƙoƙon kai ce ta kashe direban tsere Dale Earnhardt a tseren Daytona na Amurka a 2001, kuma a shekarar nan NASCAR, hukumar da ke shirya wannan tseren, ta tilasta sa abin riƙe kai da wuya, Formula 1 ta bi a 2003. Nawa yana hanya. Kafin ya iso ba na gudu da motar nan.

Cikin gari kuma wani zance ne. Na gwada fita sau ɗaya da sassafe a ɗaure tam. Da na zo mahaɗar hanya na so in leƙa, na kasa motsa ƙirjina, ga Adaidaita Sahu na ɓullowa ta inda ban gani ba. Wanda ya sassauta madaurin don ya leƙa kuma ya kashe amfaninsa. Don haka na ƙara mata bel na gida mai madauri uku a jikin sabon bakan, shi nake ɗaurawa a titi, na tseren kuma yana naɗe a cikin jaka saboda rana da ƙurar hunturu.

Da na gama na aika aka ɗauko Baba. Wannan karon shi ya shiga. Na ɗaura masa na ƙugu tukuna na ja shi sosai, sannan na kafaɗa. Ya tura ƙirjinsa gaba sau biyu, ya juya ya shafa waldar da ke bayan kafaɗarsa da yatsa, ya bi ta har ƙarshenta.

"Yanzu baya take ja," in ji shi. "Kwance ni, an kusa kiran la'asar."