Ranar da aka ce in janye hannuna

Shekarata ta farko a ajin yara masu buƙata ta musamman, na ɗauka malamar kirki ita ce wadda hannunta ba ya hutawa. In buɗe wa wannan jaka, in feƙe wa wancan fensir, in ɗaura wa waccan igiyar takalmi, in ƙarasa wa mai in'ina kalmar da ta maƙale masa a baki. Da yamma sai in koma gida a gajiye liƙis, ina ganin ai yau ma na ci gumina.

Akwai wata yarinya 'yar shekara takwas a ajin. Ta samu rauni a ƙwaƙwalwa tun wajen haihuwa, shi ya sa hannayenta suke sandarewa, ba sa yi mata yadda take so. Hankalinta kuwa ras yake. Duk lokacin rubutu nakan ja kujera in zauna gefenta, in ɗora hannuna a kan nata, mu zana harafi tare. Littafinta ya fi na kowa tsabta, har nakan nuna wa baƙi shi. Wata rana wata dattijuwar malama da muke aiki tare, wadda ta kusa ritaya, ta tsaya bakin ƙofa tana kallonmu. Da aka fita tara sai ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, gobe ki miƙa mata fensir ki koma bayan aji. Ki ƙirga talatin a zuciyarki kafin ki motsa." Na ce, "Mama, ai ba za ta iya ba." Ta ce, "A ina kika sani? Kin taɓa bari ta gwada?"

Washegari na yi yadda ta ce. Yarinyar ba ta ko kalli takardar ba. Ta ajiye hannunta a kan tebur daidai inda nawa ya saba sauka, ta waiwayo tana nema na da ido. Ƙirgar talatin ɗin nan ta yi mini tsawo kamar shekara. A nan na gane cewa wata shida na yi ina koya mata abu ɗaya tak, wato ta jira ni. Kyakkyawan rubutun da ke cikin littafin nan kuwa nawa ne, sunanta kawai ke bango.

Daga baya na fahimci cewa taimako hawa-hawa ne, kuma tun ranar da ka fara ba da shi ya kamata ka san yadda za ka rage shi. Da farko hannunka a kan hannun yaro. Sai ka koma riƙe wuyan hannu, sai taɓa gwiwar hannu, sai nuni da yatsa, sai kalma ɗaya, sai shiru. Abin da ya fi hannuna amfani ma ashe kayan aiki ne: muka naɗa wa fensirinta roba ya yi kauri yadda za ta iya damƙe shi, muka liƙe takardar da tebur don kada ta riƙa zamewa, muka karkata allon da take rubutu a kai. Harafin farko da ta yi ita kaɗai kamar kaza ta yi tono, kuma zangon karatu guda ya ɗauke mu kafin a kai ga hakan. Na ajiye takardar har yau.

Abu na biyu da ba wanda ya faɗa mini kafin in shiga aikin shi ne yawan rubuce-rubuce. Kowane yaro yana da nasa tsarin karatu a rubuce: inda yake yanzu, inda ake so ya kai, wane ne zai yi me, da ranar da za a sake zama a duba. A Amurka doka ce ta wajabta wannan tun 1975, kuma ƙasashe da dama suna da irin nasu. Da farko haushin takardun nake ji, ina ganin suna cinye lokacin da zan yi da yara. Sai da na ga bambancin a rubuta "zai inganta karatunsa" da a rubuta "zai karanta kalmomi goma masu gaɓa biyu, ya samu takwas daidai, sau uku a jere". Na farkon ba mai iya kama ka da shi, ko shekara ta ƙare yaro bai motsa ba. Na biyun kuwa ranar dubawa zai tona maka asiri.

Rubutun nan ne ya cece ni da wani yaro mai galahanga, wato larurar autism da ke sa mu'amala da mutane ta yi wa yaro wuya, da yake kifar da kujera yana ihu kusan kullum. Malamai sun gama yanke masa hukunci cewa taurin kai ne. Na samu ƙaramin littafi na raba kowane shafi gida uku: me ya faru kafin abin, me ya yi, me muka yi bayan nan. Ban da lokaci, ba na ƙara komai, ko ra'ayina ba na sawa. Bayan mako biyu na zauna na karanta. Kusan duk ranar da ya yi, ana gab da kaɗa ƙararrawar canjin darasi ne, kuma duk ranar da ya yi sai mu fitar da shi waje ya huce. Ashe ƙarar ce take gigita shi, ga jan kujeru da hayaniyar da ke biyo bayanta, mu kuma da kanmu muka koya masa cewa kifar da kujera ita ce hanyar tsira. Muka yi masa jadawali na hotuna don ya san abin da ke tafe, ina sanar da shi minti biyu kafin a kaɗa, muka ba shi kati mai hoton ƙofa da zai ɗaga idan yana son fita. Bai daina gaba ɗaya ba, kada in yi ƙarya. Amma ya koma sau ɗaya ko biyu a wata, kuma duk ranar da ya yi nakan fara tambayar kaina me muka canza.

Rabin aikin ma da manya ake yinsa. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanka ta ƙasar Sifen ƙarƙashin UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince cewa makarantun kowa da kowa su karɓi kowane yaro. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ya ƙara jaddada hakan. Ina goyon baya, amma na ga yadda ake yi wa abin kwaskwarima: a kai kurma aji a zaunar da shi a layin baya, malami ya juya wa aji baya yana magana da allo, a ce ai an haɗa shi da sauran yara. Zama kawai ya yi. Don haka nake bin malamai ɗaya bayan ɗaya da ƙananan roƙo. Malam, don Allah ka fuskanci aji idan za ka yi magana, akwai kurma da take karanta leɓɓanka. Malama, ki furta abin da kike rubutawa a allo, akwai wanda ba ya gani. Idan mai farfaɗiya ta faɗi, kada a tura mata komai a baki, kada a danne ta, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a juya ta gefe, a duba agogo. In ya wuce minti biyar a nemi agajin asibiti. Wanda ke da yara hamsin a gabansa ba ya buƙatar lacca daga gare ni. Abu ɗaya da zai iya yi gobe da safe yake buƙata.

Tarihin sana'ar tamu ma ya isa ya sa mutum ya rage ɗaga kai. A 1880 malaman kurame suka yi taro a Milan ta ƙasar Italiya, kusan dukkansu masu ji ne, suka yanke cewa a daina koyarwa da maganar hannu, a tilasta wa yara magana da baki. Shekaru da dama kurame suna ɗanɗana kuɗar wannan shawara. Rubutun makafi kuwa, mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, ba wani malami mai ido ba ne ya ƙirƙiro shi. Luwi Birel ne, ɗalibi makaho a Faris, yana ɗan shekara 15. Ya rasu a 1852, kuma sai bayan shekara biyu aka amince da rubutun nasa a hukumance a Faransa. Mutanen da suka yi wa yaran nan tarnaƙi ba mugaye ba ne, da yawansu da kyakkyawar niyya suka yi, irin wadda ta sa na ɗora hannuna a kan na yarinyar nan.

Iyaye kuma sai a hankali. Uwar da ta zo zaman duba tsarin karatu ta riga ta ji jerin abin da ɗanta ba ya iyawa daga bakin likita, da dangi, da maƙwabta. Ba ta buƙatar in maimaita mata. Yanzu nakan fara da tambayarta abin da yake yi a gida wanda ban sani ba, domin ta riga ni saninsa da shekaru. Mahaifiyar yarinyar nan tawa ta zo a ƙarshen shekara, na miƙa mata littattafai biyu, tsohon mai tsabta da sabon mai karkatattun haruffa. Ta jujjuya su ta ce, "Malama, ai kamar baya ta koma." Na ce mata a'a, wancan ni na rubuta. Ta yi shiru ta daɗe tana kallon sabon, sannan ta tambaye ni inda ake samun irin robar nan ta fensir, tana so ta naɗa wa cokalinta.