Wa ke da ikon tsayar da wasan?

Aikina fitilun dandamali ne, kuma a wasannin da ake hura wuta kujerata tana kusa da ta mutumin da ke sarrafa wutar. Shi ya sa idan bidiyon gobara a wani wurin shaƙatawa ya karaɗe intanet, ba girman harshen wutar nake fara dubawa ba. Daƙiƙoƙi nake ƙirgawa, daga lokacin da wuta ta bar inda aka tsara mata zuwa lokacin da kiɗa ya tsaya.

Haka na yi da bidiyon Disneyland na Kaliforniya, na daren 22 ga Afrilu, 2023. A wasan Fantasmic! akwai wani dodon inji mai tsayin ƙafa 45 da ke fesa wuta ta baki. A daren nan wutar ta kama kansa, ta gangaro jikinsa, ya ƙone ƙurmus a gaban jama'a. Ba a rasa rai ba. Dandamalin a kan tsibiri yake, ruwa ne tsakaninsa da 'yan kallo, an kwashe ma'aikata, 'yan kwana-kwana suka kashe wutar. Kamfanin ya dakatar da irin wannan fesa wuta a wuraren shaƙatawarsa na ɗan lokaci, wasan kuma bai dawo ba sai a Mayun 2024, ba tare da dodon ba. Shekara biyar kafin wannan gobara, a Mayun 2018, wani dodon ya kama da wuta ana tsakiyar fareti a Magic Kingdom da ke Fulorida. Abin da ya tsaya mini a rai a bidiyoyin biyu shi ne mutane. Suna tsaye, wayoyi a sama, wasu na tambayar na kusa da su ko wannan ma yana cikin wasan.

Ban ga laifinsu ba. Kuɗi suka biya don su ga wuta. A ko'ina aka ga hayaƙi kowa ya san gudu ne, amma mu masu wannan sana'a mun shafe rabin awa muna koya wa ɗan kallo cewa hayaƙi da ƙara da ihu duk nishaɗi ne. To ranar da ta gaske ta tashi, da me zai bambance?

Ita na'urar fesa wutar kanta ba ta cika ba ni tsoro ba idan an gina ta yadda ya kamata. Yawanci iskar gas ce ta furofen, ko wani mai na ruwa da ake fesawa da matsi. A kan bututun akwai bawul biyu a jere, kowannensu a rufe yake sai an ba shi lantarki, saboda haka ko wuta aka ɗauke ko waya ta tsinke, rufewa za su yi. A bakin bututun akwai ƙaramar wutar kunnawa da wata na'ura mai gadinta. Idan ba ta ga ƙaramar wutar tana ci ba, ba za ta bar babban bawul ya buɗe ba, don kada gas ya taru a sarari yana jiran tartsatsi. Furofen ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya watse, gangarawa yake yi ya kwanta a ramuka da ƙarƙashin dandamali, daidai inda wayoyinmu suke. Kwamfuta ce ke riƙe da lokacin kowace fesawa, amma ba ta isa ta harba ba sai mai sarrafawa yana danne da maɓallinsa, idonsa a kan wurin. Ya ɗaga yatsa, magana ta ƙare. A Amurka ƙungiyar kare gobara ta NFPA ce ke rubuta waɗannan ƙa'idoji: lamba 160 ta harshen wuta a gaban jama'a, lamba 1126 ta tartsatsin albarushi a kusa da 'yan kallo, wadda ta ce a bar aƙalla ƙafa 15 tsakani, ko ninki biyu na nisan da ɓurɓushin ke faɗawa, duk wanda ya fi yawa.

Iska ce ba ta karanta ƙa'ida. A wasan fili akan kafa na'urar auna ta, a kuma rubuta iyakar da idan an wuce za a soke wutar, kuma na fi son a rubuta tun da rana, kafin a sayar da tikiti a cika wuri. Da daddare, jama'a sun yi maƙil, manaja na tsaye a bayanka, kowace iska sai ta zama "ai ba ta kai ba".

Amma bari in koma kan daƙiƙoƙin nan. A ranar 20 ga Fabrairu, 2003, a gidan rawa na Station a jihar Rod Ailan, tartsatsin wasa ya kama soson da aka manna a bango don rage ƙara. Jama'a sun ɗauka ado ne, makaɗan ma sun ci gaba na ɗan lokaci. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa cikin kusan daƙiƙa 90 ɗakin ya zama wurin da ba a rayuwa a cikinsa. Mutum 100 suka mutu. Ƙofofin fita huɗu ne, amma akasarin mutane ƙofar da suka shigo ta ita suka nufa, suka cushe a can. Idan daƙiƙa 90 ce duk abin da kake da shi, talatin ɗin da aka ɓata ana tantama ba ƙaramar asara ba ce.

Darasin da ya fi shafar wuraren shaƙatawa ya girmi wannan. A ranar 11 ga Mayu, 1984, gidan ban tsoro na Six Flags Great Adventure a Niyu Jasi ya kama da wuta, matasa 8 suka rasu a ciki. Gini ne da aka tsara shi da gangan don ya rikita mutum, ga duhu, ga lunguna, ga sautin ihu, kuma babu famfon yayyafin ruwa a rufinsa. Bayan nan ne aka tsaurara dokar irin waɗannan gine-gine, kuma akwai sashenta da nake ganin ya kamata duk mai shirya wasa ya haddace: da zarar na'ura ta ji hayaƙi, duk wani sauti da hasken da ke rikita mutane ya tsaya, a haska hanyar fita, murya ta fito ta lasifika ta faɗi abin da za a yi. Wato kafin ka kashe wutar, ka kashe wasan.

Nan ne hannuna ya shigo. A teburina akwai maɓalli guda da ke zubar da duk launuka ya kawo farin haske ko'ina, mai sauti ma yana da nasa. Tambayar da nake yi a duk wurin da na je aiki ita ce wa zai ce a danna. Idan amsar ita ce sai an kira wane, shi kuma ya nemi izinin wane, to babu amsa. Inda na fi samun natsuwa shi ne inda kowane ma'aikaci, har mai tsaron labule, yake da ikon faɗin kalma ɗaya ta oba-oba a tsayar da komai, kuma ba wanda zai tuhume shi idan aka duba aka ga ba komai. Ranar da aka ci mutuncin wanda ya tsayar da wasa a banza, ranar aka koya wa sauran su yi shiru.

Sanarwar ma a rubuce ya kamata ta kasance, gajeriya, ba kwana-kwana: wasa ya tsaya, ku tashi, ku bi ma'aikata ta nan. Dogon ban haƙuri ya jira sai an fita.

Sai kayan kashe wuta, wanda mutane ke ɗauka kowace tukunya daidai take da 'yar'uwarta. A ranar 27 ga Yuni, 2015, a wurin wasan ruwa na Formosa Fun Coast a Taiwan, an yi ta fesa wa jama'a garin sitaci mai launi daga dandamali. Ba wanda ya shirya wuta a wannan wasa. Garin da ke yawo a iska ne ya kama, mutum 15 suka mutu, kusan 500 suka jikkata. Ma'aikata sun ɗauko tukunyar iskar kabon suka fesa, ƙarfin iskar ya sake tayar da garin da ke kwance a ƙasa, wutar ta ƙaru. Wutar gas kuwa maganinta rufe bawul. Ka kashe harshen ka bar gas na fita, ka haɗa wa kanka abin da ya fi na farko muni. Mutumin da tufafinsa suka kama, ruwa da bargo yake buƙata, da wani ma'aikaci da aka ajiye musamman dominsa, wanda ba ya kallon wasan.

Wannan na ƙarshen ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Wasan wurin shaƙatawa ba na dare ɗaya ba ne, ana iya yin sa sau biyu ko uku a yini, shekara da shekaru. Sabo turken wawa. Ƙura da maiƙo na taruwa a cikin ƙirar dodon, maganin hana kamun wuta da aka fesa wa labule da tufafi yana raguwa da wanki da rana, tiyo na tsagewa a lanƙwasar da ba a leƙawa. A ɗakunan da ake sakin hazon wasa akan rufe na'urar jin hayaƙi don kada ta yi ta kuka, a sa mutum ya tsaya gadi a madadinta, kuma mai gadin nan ya ga wasan har ya gundure shi.

Shi ya sa nake matsa wa a riƙa yin atisayen tsayar da wasa a tsakiyarsa, da kiɗa da hazo da komai, ba tare da an gaya wa ma'aikata minti nawa za a yi ba. Wani ya riƙe agogo, a rubuta daƙiƙa nawa aka ɗauka kafin bawul ya rufu, farin haske ya zo, murya ta fito, a liƙa takardar a ɗakin sarrafawa kusa da ta watan jiya.