Jirgin yaƙin Amurka da dajin Rugu

Daren jiya musu ya kaure a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura a Katsina. Wani abokinmu ya rantse cewa in Amurka ta turo jiragenta, wata guda ya ishe ta gamawa da masu ɗauke da makamai a dajin Rugu da ke yankinmu. Na ce masa, Malam, bi a hankali.

Amurka ta fara yi wa 'yan ƙungiyar IS mai iƙirarin jihadi ruwan bama-bamai a Iraƙi tun Agustan 2014, amma ba a ƙwato birnin Mosul daga hannunsu ba sai Yulin 2017, bayan sojojin Iraƙi sun shafe kusan wata tara suna bi lungu-lungu. A Afganistan an yi shekara 20, Taliban ta koma Kabul a 2021. Faransa ma ta tattara nata ya nata daga Mali a 2022, masu iƙirarin jihadi suna nan.

Kawuna da ya baro wani ƙauyen Batsari yana gefe yana jin mu. Ya ce, "Ɗana, suna jin ƙugin jirgi sai su tura babura ƙarƙashin itatuwa su watse. Jirgi na juyawa su dawo. Wa zai kwana a garin ya tsare mu?" Fetur a jarka, burodi, har labarin wanda ya sayar da sa a kasuwa, duk daga cikinmu ake kai musu.

Ga kuma kuskure. Tudun Biri a Kaduna, Disambar 2023, jirgin sojojinmu ne ya faɗa wa masu Mauludi, balle baƙon matuƙin da bai san bambancin ruga da sansani ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.