Abin da Layin Wutar Turkana Ya Koya Mini

A farkon shekarar 2018 na shiga cikin injiniyoyin da ke sa ido kan aikin jan wayar lantarki daga yankin Loiyangalani, kusa da Tafkin Turkana a arewacin Kenya, zuwa babbar tashar rarraba wuta ta Suswa da ke yamma da Nairobi. Ranar da na isa na tarar da injinan samar da wuta da iska 365 a tsaye kan fako, kowanne mai ƙarfin kilowat 850, jimillarsu megawat 310, an gama kafa su tun 2017, amma ko ƙwan fitila ɗaya ba su taɓa kunnawa a Nairobi ba. Layin da zai kwashe wutar, mai tsawon kusan kilomita 430, bai kammala ba, domin kamfanin da ya fara aikin ya durƙushe, sai da wasu kamfanonin ƙasar Sin suka karɓa. Tun da yarjejeniya ta ce a biya masu injinan iskar kuɗin wutar da suke iya samarwa ko da ba a kwashe ta ba, kowane watan da muka ƙara bashi ne a wuyan ƙasar.

Kuskuren da na fara yi nawa ne. Na saba a gida cewa aikin sama da sanyin safiya ake yinsa, kafin rana ta yi zafi iska ta taso, saboda haka na tsara masu hawa turakun ƙarfe su fara da asuba. Wani dattijon ma'aikaci ɗan yankin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, gobe ka fito da kanka ka gani." Na fito, na kuwa gani. Iskar da ke ratsowa tsakanin dutsen Kulal da na Nyiru ta fi ƙarfi da dare zuwa safiya, sai bayan azahar take ɗan lafawa. Igiyar da muke fara jefawa kan ƙananan tayoyin da ke rataye a saman turakun kafin a ja wayar ainihi tana kaɗawa kamar bulala, hular kwanona kuma sai da wani yaro ya bi ta da gudu. Muka mayar da jan waya a wannan sashe zuwa yamma.

Auna cikin waya, wato yadda take saukowa tsakanin turke da turke, shi ma yana son haƙuri. Alminiyon da aka yi wayar da shi yana miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi, don haka kafin a ɗaure sai an duba zafin wayar kanta a teburin lissafi. In an ɗame ta fiye da kima da tsakar rana, sanyin dare zai ja turken. In an sake ta, ranar da ta ɗauki cikakken lodi za ta sauko kusa da ƙasa. A wuraren duwatsun aman wuta kuma ƙasa ba ta shan wutar tsawa yadda ake so, sai mun binne dogayen wayoyi daga ƙafafun turke kafin awon shan wutar ƙasar ya yi daidai.

Duk wannan lissafi ne, kuma lissafi yana da amsa. Abin da ya fi cin lokaci shi ne filin da ke ƙarƙashin wayar. Layin ya ratsa Marsabit da Samburu da Laikipia da Nyandarua da Nakuru har zuwa Narok, kowane yanki kuma da irin mallakarsa. A arewa burtali ne da makiyaya na jama'a, babu takardar mutum ɗaya, sai a zauna da dattawa a gindin bishiya, zaman da ya tuna mini da sasancin manoma da makiyaya a gidan mai gari. A kudu kuwa ƙananan gonaki ne masu takardu, wasu ma gado ne da ba a raba ba. Na taɓa zama kwana tara da injin jan waya da gangunan wayar a ajiye saboda turke ɗaya tak da rigimar diyyarsa ba ta ƙare ba, alhali ba a jan waya a tsallake gurbi. A ganina, aikin diyya ya kamata ya riga zuba kankaren injin iska na farko da shekaru, domin kafa injin a cikin shinge ɗaya ake yi, layi kuwa sai ya bi ta ƙofar dubban mutane.

An gina layin don ɗaukar wuta mai ƙarfin kilobolt 400, amma da 220 aka fara amfani da shi. Dogon layi marar lodi yakan ɗaga ƙarfin wuta a ɗaya ƙarshen fiye da yadda aka tura, shi ya sa ba a sake masa wuta sai na'urorin da ke danne wannan hauhawa suna kan aiki. A watan Satumba na 2018 aka kunna shi, aka riƙa shigar da injinan rukuni-rukuni ana kallon ma'auni. Lokacin da Shugaba Uhuru Kenyatta ya buɗe tashar injinan iskar a Yulin 2019 na riga na dawo gida, a waya na ga hotunan: farfeloli ne suka cika su, turakunmu kuwa can nesa a bayan manyan baƙi.