Ranar da muka tashi daga Bremen

A Kano in za a tashi daga gida, mai a-kori-kura ake kira, ƙannen miji da samarin unguwa su taru, kafin la'asar an gama, a dafa musu shinkafa da wake. Shekararmu biyu a birnin Bremen na ƙasar Jamus maigidana ya samu aiki a Hamburg. Muka duba dama da hagu, babu wanda za mu kira ya sauko mana da firji daga hawa na uku. Dole muka nemi kamfanin kwashe kaya.

Saura mako uku suka turo mutum ya ga kayan. Ɗaki-ɗaki ya bi yana rubutu, har ɗakin ajiya na ƙasa sai da ya leƙa, domin da kubik mita, wato ma'aunin wurin da kaya za su ci a mota, suke lissafin kaya, namu ya ce 28 ne. Ya tambaya ko akwai lif a sabon gidan, da nisan ƙofa zuwa titi, da wanda zai kwance kicin. A Jamus gidajen haya da yawa babu komai a kicin ɗinsu sai famfo da bango, mutum da murhunsa da kabad ɗinsa yake ƙaura. Har yau abin yana ba ni mamaki.

Wata maƙwabciyarmu Bahaushiyar Kumasi, wadda ta kwana biyu a ƙasar, ita ta zaunar da ni. Ta ce, "Ƙanwata, kada ki yarda da biyan awa-awa. Su yanke kuɗin gaba ɗaya, su rubuta a takarda. Abin da ba ya cikin takarda, ko roƙonsu kika yi ba za su taɓa ba." Na ce, "To, Yaya." Haka kuwa aka yi.

Kwanaki kafin ranar suka kafa allunan hana ajiye mota a ƙofar gidan, da izinin hukuma, don babbar motarsu ta samu wurin tsayawa. Ƙarfe bakwai na safe maza huɗu suka iso da barguna da igiyoyi. Suka kwance gado da wadrob, kusoshin kowanne a ledarsa, suka naɗe kujeru. Na dafa musu kofi, da yamma muka ba kowa ɗan ihsani, kamar yadda aka saba a nan.

Inda na ji ciwo shi ne kayan tangaran da mahaifiyata ta saka min a kayan ɗaki. Raina bai yarda baƙon hannu ya taɓa su ba, sai na naɗe su da kaina cikin zannuwa na jera a kwali. Da na buɗe a Hamburg, faranti huɗu sun tsage gida biyu. Na zauna a ƙasa cikin kwalaye na yi kuka mai isata. Kamfanin ya ba da haƙuri amma ya ce ba zai biya ba, tunda ni na shirya kwalin. Dokar nan ta ɗora musu alhakin ɓarna har yuro 620 a kan kowace kubik mita, wanda kayansa suka fi haka daraja sai ya sayi ƙarin inshora. Ɓarnar da ido ke gani dole a faɗa kafin washegari ta wuce, ɓoyayyiya kuma cikin kwana 14. Ƙofar wadrob da ta karce sun biya, saboda maigidana ya rubuta a takardarsu nan take kafin ya sa hannu.

Cikin mako biyu muka je ofishin rajistar mazauna da takardar mai gida muka sauya adireshi, kamar yadda doka ta ce. Ranar Juma'ar farko na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na zuba a faranti biyun da suka tsira, na kira Umma ta bidiyo. Ban gaya mata labarin sauran ba tukuna.